Abin da Ya Fito da Uwar Alkama daga Kogo

Talata, 3 ga Oktoba

Lambrini ce ta sayo min wannan littafin. Wai likitan Tripoli ya ce in riƙa rubuta abin da ya faru kullum, yana motsa ƙwaƙwalwa. Na ce mata, 'yata, me ke faruwa a gidan nan? Ko kaji sun yi ƙwai, ko ba su yi ba. Ta ce to rubuta hakan.

Yau sun yi uku.

Na san abin da take tsoro. Ta ga yadda ubanta ya ƙare, shekara biyu yana tambayata ni 'yar wane gida ce. Wata huɗu ke nan da muka binne Thanasi. Ta koma Atina, kullum sai ta bugo waya ta ji ko har yanzu na san wace rana ce.

Laraba, 4 ga Oktoba

Ƙwai biyu. Ban buɗe tagogin gaba ba. Ba don komai ba, hasken ne ke damuna.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Garufaliya ta zo. Kumbarata ce, wato ita ta riƙe Lambrini ranar baftisma, saboda haka shekara hamsin ke nan ba ni da ikon korar ta daga gidana. Yau ba ita kaɗai ba, ta jawo sabuwar malamar makaranta, wata siririyar yarinya daga Patra, Anthi. Malamar ta rungumo wani akwatin kwali kamar mai kai jariri coci.

Na dafa musu kofi, na sa musu cokalin zuma da ruwan sanyi. Malamar ta buɗe akwatin a kan teburina. Kayan koyar da labaran allolin mutanenmu na dā ne, an aiko mata daga birni. Akwai katuna masu hoto, kowane da suna a ƙasa. Akwai fuskokin kwali da yara za su ɗaura. Akwai taswira. Akwai wata babbar takarda da aka zana bishiya, wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Na daɗe ina duban ta. Na ce ko a ƙauyen nan ba mu kai wannan rikicin ba, kuma mun yi ƙoƙari.

Ta yi dariya, sannan ta kira ni da laƙabin da ake girmama manyan mata da shi a nan, ta ce, "Kira Stamatiya, yarana goma sha ɗaya ne. Sun haddace sunayen nan tsaf. In na ɗaga kati su faɗa, in na ajiye su manta. Ba su san mutanen ba."

Garufaliya ce ta tsegunta mata cewa kakata Zafiro ta san su kamar maƙwabtanta, kuma duk ƙauyen ni kaɗai na rage da labaranta. Gaskiya ne. Amma Kaka ba ta taɓa kiran su da waɗannan sunaye na kati ba. Takan ce waɗanda ba a gani ba a kiran sunansu a banza. A wurinta akwai Mai Tsawa, akwai Mai Ƙafar Akuya, akwai Uwar Alkama da 'yarta.

Labarin Uwar Alkamar malamar ke so. Tana son in je makaranta in faɗa, ta ɗauki muryata a wayarta ta ajiye tare da akwatin, don yaran su shirya wasan kwaikwayonsa kafin ashirin da ɗaya ga Nuwamba, idin Tsakiyar Shuka, ranar da muke dafa hatsi iri-iri mu kai coci.

Na ce ni ba na wuce ƙofar nan sai coci da maƙabarta.

Garufaliya ta lashe cokalinta ta ce wa malamar, "Za ta zo. Wannan in ba ta ce a'a sau uku ba abinci ba ya narke mata."

Asabar, 7 ga Oktoba

Na ce zan je Talata. Sau ɗaya.

Tunda likita na son ƙwaƙwalwa ta motsa, bari in rubuta yadda Kaka ke fara shi.

Uwar Alkama tana da 'ya ɗaya tal. Yarinyar ta fita tsinkar furanni, ƙasa ta tsage, Sarkin Ƙarƙashi ya fito da baƙaƙen dawakinsa ya sure ta. Uwar ta yi kwana tara tana yawo, ba ci ba wanka, tana tambayar kowa. Da ta ji inda 'yar take, kuma ta ji cewa da sanin Mai Tsawa aka yi, sai ta sa baƙaƙen kaya ta hau dutsen nan da ke saman ƙauyenmu ta shige kogo. Kaka takan nuna da haɓa, ga shi can, bayan garken su wane. Daga ranar ba abin da ya tsiro. An shuka, ƙasa ta haɗiye iri ta yi shiru. Mai Ƙafar Akuya ne ya gano inda take, yana neman ɓataccen ɗan akuya.

Na tuna ɗakin da take faɗa mana. Murhu, hayaƙi, mu jikoki bakwai, kowa da faranti a cinya, wannan wake, wannan alkama, wannan masara. Ba ta buɗe baki sai ta bi mu da ido ta ga kowa ya samu abin yi.

Ban bi labarin har ƙarshe ba. Na san shi kamar matakalar gidan nan.

Talata, 10 ga Oktoba

Da ma ban je ba.

Sun share ajin, sun ajiye min kujera a gaban allo, har da matashi. Yaran sun zauna a jere, kowa ya harɗe hannu a kan tebur kamar masu jiran hukunci. Malama ta ajiye wayar a gabana. Ta liƙa katin Uwar Alkama a allo, wata kyakkyawar mata mai gashin zinariya da damin alkama a hannu. Na ce wa yaran wannan ba ta taɓa yin girbi ba, ku dubi farcenta. Suka yi dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Na fara. Ya tafi lafiya. Ban san inda zan sa hannuwana ba, sai na riƙe jakata. Ƙasa ta tsage, dawakai suka fito, wata yarinya mai gilashi a layin gaba, Argiro jikar mai gasa burodi, ta ɗaga hannu ta ce a kati dawakan huɗu ne. Na ce Kaka ba ta ƙirga su ba, gudu suke yi.

Na kai uwar kogo. Na kawo Mai Ƙafar Akuya ya leƙa ya gan ta. Na buɗe baki in ci gaba.

Babu komai.

Ba wai na rasa kalma ba. Wurin ne gaba ɗaya babu, kamar ka buɗe ƙofar ɗakinka ka ga fili. Na koma baya na sake hawa dutsen da ita, na sake shigar da ita kogon. Nan ma na tsaya. Ina jin agogon bango. Ina ganin ɗan jan hasken wayar tana ɗaukar shiruna.

Malama ta yi saurin cewa, "To, mu tafa wa Kaka, sauran sai wani makon." Suka tafa. Yaran kirki ne.

Haka Thanasi ya fara. Yana tsakiyar ba da labarin yadda ya sayi alfadarinsa, labarin da ya gundure ni da shi shekara arba'in, sai ya tsaya ya dube ni. Irin duban da na yi wa malamar yau.

Na dawo ta bayan coci don kada in bi ta gaban shagon kofi.

Laraba, 11 ga Oktoba

Ban ƙirga ƙwai ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na gwada a kwance, na gwada a zaune a kujerar Thanasi, na gwada da ƙarfi ina faɗa wa kyanwa. Kullum a bakin kogon nake tsayawa. Na san 'yar ta dawo, kowa ya san wannan, ta ci 'ya'yan rumman a can ƙasa saboda haka take komawa wajen mijin, Sarkin Ƙarƙashi, wasu watanni. Amma me ya fito da uwar daga kogo? Wannan na Kaka ne, ba ya cikin littafin kowa. In ya fita daga kaina ya fita daga duniya.

Garufaliya ta shigo da miyar wake a kwano. Na tambaye ta. Ita ma ta sha zama a ɗakin nan lokacin muna yara, gidansu na jikin namu.

Ta ce, "Ni? Ni ai don gasasshen dankali nake zuwa. Kafin dawakan su koma ƙasa na yi barci."

Na ce ki tuna, tsohuwar banza, ko kaɗan ne.

Ta dubi silin. Ta ce abin da ta tuna dariya ce ke tashin ta. Wai ƙarshen abin dariya ne.

Dariya? Uwa a kogo, duniya na mutuwa da yunwa? Na ce mata ta ɗauki kwanonta. Ta ce sai na cinye tukuna, kuma ta zauna ta tsare ni har na cinye.

Laraba, 18 ga Oktoba

Malama ta zo ita kaɗai. Ta tsaya a tsakar gida tana murza hannu, wai laifinta ne, ba ta kamata ta sa ni a gaban allo ba. Ta ce ta goge abin da ta ɗauka. Na ce da kin bar shi, ba a taɓa samun tsohuwar ƙauyen nan ta yi shiru haka ba, abin tarihi ne.

Ta karanta min yadda katin ya ƙare. Mai Tsawa ya ga mutane sun daina kai masa hadaya, ya aika manzo, aka yi sulhu, aka raba shekara. Shi ke nan. Babu ma kogon a ciki.

Ta ce, "Kira Stamatiya, za mu iya haɗa farkonki da ƙarshen kati. Ba wanda zai sani."

Na ce ni zan sani. Sannan na ce ta yi yadda ta ga dama, akwatinta ne.

Tana da kirki. Ta bar min katin, wai ko zai tuna min. Na jingine shi da kwalbar man zaitun. Tana kallona da wannan farcen nata.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Lambrini ta bugo bayan coci. Ta ce yaya makaranta. Na ce sun tafa min. Ba ƙarya na yi ba.

In na faɗa mata, ranar Litinin za ta zo da mota ta kwashe ni zuwa bene na biyar, inda ake shanya kaya a kan titi.

Rummanin da Thanasi ya dasa ya nuna. 'Ya'yan suna tsagewa a kan reshe, tsuntsaye na ci. Ina ganin su ta tagar kicin. Shi ke tsinkowa.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Ina zuba wa kaji dusa na ji ana kirana daga ƙofar waje. Argiro ce da jakar makaranta, ta manna gilashinta a jikin ƙarfen ƙofa.

"Kaka Stamatiya, har yanzu tana ciki?"

Na ce wa?

"Matar. A kogon."

Ashe malama ta karanta musu ƙarshen kati sun ƙi yarda. Wai ai ba wanda ya gaya wa uwar, tana can sama ba ta ji an yi sulhu ba. Ta ce jiya babanta ya fasa shukar alkama saboda ƙasa ta bushe, ƙaninta ya ce ai dole, matar ba ta fito ba. Baban ya ce a gaya wa Kira Stamatiya ta taimaka ta fito da ita kafin Nuwamba ya ƙare, shi ba ruwansa da ko ta wane addini ce.

Na ce mata tana hutawa ne. Ta ce, "Kwana goma sha bakwai?" Wannan yarinyar za ta zama alƙaliya, Allah ya tsare masu laifi.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na sami almakashi a cikin tukunyar gishiri. Wataƙila ba komai ba ne. Tun ina amarya nake ajiye abu inda bai dace ba, Thanasi ya sha faɗa.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Na ce bari in ƙirƙiro ƙarshen da kaina, ai Kaka ma wani ya ƙirƙira mata. Na gwada tsuntsuwa ta kawo mata zaren gashin 'yarta. Na gwada Mai Ƙafar Akuya ya busa mata sarewa har ta yi kuka. Na gwada jariri mai yunwa a bakin kogo. Duk suna da kyau. Ba wanda ya zauna, kamar murfin wata tukunya a kan tawa.

Ni da na sa baƙi wata biyar na san abu ɗaya. Sarewa ba ta fito da mutum. Papa-Lefteri, limamin cocinmu, ya zo sau biyu da kalamai masu daɗi, na ba shi kofi, ya tafi, na rufe ƙofa.

Talata, 14 ga Nuwamba

Garufaliya ta zo aron manyan farantaina uku da rariya. Na ce me za ki yi da uku? Ta ce abin da ake yi da faranti. Na gaya mata bana ba zan dafa hatsin idi ba, wa zan dafa wa. Na zata za ta yi min wa'azi. Ta ce to, ta kwashi farantan ta fita. Har na ɗan ji haushi.

Ba ruwan sama har yanzu.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Bari in rubuta wannan dalla-dalla, kafin ya gudu.

Da hantsi na ji hayaniya a ƙofar gida. Na leƙa ta tsagar taga. Ajin ne gaba ɗaya, yara goma sha ɗaya da malama, sun zauna a kan dakalin ƙofata da bakin hanya. Garufaliya na tsakiya kamar kaza. Farantaina ne a cinyoyinsu, ga buhun alkama, ga wake, ga masara. Hatsin gobe suke tsincewa.

Ba wanda ya buga min ƙofa, ba wanda ya kira ni. Na ji malama na cewa a nan rana ta fi faɗowa. Ƙarya, inuwar coci ce ke rufe dakalin har azahar.

Na ce ba ruwana. Na koma kicin. Na dawo tagar.

Ya Budurwa Maryamu, abin da na gani! Suna tsince alkama mai kyau suna watsa wa kajina, suna barin tsakuwa a faranti. Wani ya juye waken da aka gyara cikin wanda ba a gyara ba. Malama na riƙe da rariya a kife, tana girgizawa da iya ƙarfinta, tana mamakin ba abin da ke zama. Ita na yafe mata, 'yar birni ce. Amma Garufaliya, wadda ta shekara saba'in tana wannan aikin, ina ji da kunnena tana cewa, "Ku bar 'yan duwatsun nan, 'ya'yana, suna ƙara wa hatsi nauyi. Papa-Lefteri na da haƙora masu ƙarfi."

Na daure. Na ƙirga har ashirin. Sai Argiro ta ɗebo ruwa a kofi za ta zuba a kan busasshiyar alkama, wai a wanke ta tukuna.

Ban san lokacin da na zare sakata ba. Ko ɗankwali ban gyara ba. Na ce, "Ba haka ake yi ba! Wa ya haife ku? Kawo nan!" Na fizge farantin daga cinyar Garufaliya, na ture ta da ƙugu na zauna. Na tara alkamar gefe ɗaya, na fara janyo ta da yatsu kaɗan-kaɗan, mai kyau ta gangaro wajena, tsakuwa da ƙaiƙayi su tafi bakin faranti. Na ce kowa ya kalli hannuna. Na bi su da ido na ga kowa ya gyara zama, kowa ya samu abin yi.

Sai na ji dariyar ɗakin Kaka. A kunnena na ji ta, har da hayaƙin. Na ga hannunta ya miƙo ya fizge farantin 'yar'uwata, don a daidai wurin nan kullum sai ta fizge na wani.

Bakina ya ci gaba da kansa. Na ce, da Mai Ƙafar Akuya ya sauko ya faɗa, sai aka yi ta hawa dutse ana roƙon ta. Sarakuna suka je, masu sarewa suka je, manzon Mai Tsawa ya je ya tsaya a bakin kogo ya karanto sulhun da aka yi. Ko tari ba ta yi ba. Sai tsofaffin matan ƙauyen nan suka kwashi ragowar alkamar da ta saura a gindin randuna, suka hau, suka zauna a bakin kogon suka ba shi baya. Ba su gaishe ta ba, ba su roƙe ta ba. Suka shiga tsince alkama, suna zubar da ƙwaya suna tara tsakuwa, suna hirar surukansu. Ta daure kwana ɗaya. Ta daure kwana biyu. A na uku ta fito a fusace, gashi duk yanar gizo, ta ce, "Ni na koya muku wannan aikin, haka na koya muku?" Ta fizge faranti ta zauna. Ƙwayoyin da suka zube daga cinyarta, kafin ta ɗago kai sun tsiro. Tana nan zaune tana zagin su 'yarta ta hauro dutsen ta same ta.

Yaran suka fashe da dariya, har wani ya kifar da masara. Hannuwansu ba su tsaya ba, na lura.

Argiro ta ce, "Amma a kati manzo ne ya gyara komai."

Na ce manzon ya yi nasa, 'yata, ya gyara tsakanin maza. Amma yaushe kika ga mace ta fito daga makoki don namiji ya aiko mata da saƙo?

Malama ta ce ba ta kunna wayar ba, hannunta na cikin wake. Na ce ba komai, ga wayoyi goma sha ɗaya a zaune.

Da suka tafi na juya wajen Garufaliya. Na ce, kumbara, ke da kika ce barci kike yi. Kin san ƙarshen nan tun ranar da na tambaye ki?

Ta ce gwiwarta na ciwo, in taimaka mata ta tashi.

Na ce me ya hana ki faɗa min kawai, kika bar ni wata guda ina zaton kaina ya tafi?

Ta ce, "In na faɗa miki ai nawa ne kika ji, ba naki kika tuna ba. Da kin zauna kina cewa Garufaliya ta fi ni ƙwaƙwalwa, ki mutu da baƙin ciki, a bar ni da dafa miki alkamar makoki." Ta karkaɗe siket ɗinta. "Kuma rabinsa kawai na tuna. Ban san da kwana ukun ba. Mu ko awa ɗaya ba ki ba mu ba."

Talata, 21 ga Nuwamba

An kai hatsi coci. Tukunyar makaranta ce ta fi kowace girma, yara huɗu suka ɗauko ta. A murhuna aka dafa, tunda nawa ne ya fi kusa. Na watsa 'ya'yan rumman a kai. Na Thanasi ne, na samu guda shida da tsuntsaye suka raga min. Sai da na hau kujera kafin in kai reshen. Kada Lambrini ta ji.

Papa-Lefteri ya sa albarka, ya ci cokali biyu, bai gamu da dutse ba. Ya ce ya ji an fito da wata daga kogo jiya, shi dai bai ji komai ba a matsayinsa na limami, amma kakarsa ma ta san matar.

Bayan coci yaran suka yi wasan a farfajiya da fuskokin kwali. Argiro ce Uwar Alkama. Ta ƙara da nata, wai uwar ta ja kunnen Mai Ƙafar Akuya don ya tona mata asiri. Wannan ba ya cikin na Kaka. Na buɗe baki, na rufe. Ya dace da ita.

An yi yayyafi da la'asar. Ba na cewa komai.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Malama ta kawo akwatin ta nuna min. Ta yanka farin kwali daidai girman sauran katunan, yaran sun zana tsofaffi huɗu sun ba kogo baya. Ɗaya ta yi kama da Garufaliya, har gashin haɓar. A ƙasan akwatin ta sa ƙaramin faranti da ƙullin alkama, ta rubuta a murfi cewa duk malamin da ya gaje ta kada ya fara labari sai ya raba wa yara aikin hannu. Na ce faranti ɗaya ba ya isa, ta riƙe nawa guda biyu.

Ta tambaya ko Mai Ƙafar Akuya na da nasa labarin. Yana da uku. Biyu ba na yara ba ne. Na ukun na san farkonsa da tsakiyarsa, ƙarshen ban duba ba tukuna. Na ce ba na alkawari. In sun zo Alhamis mai zuwa su zo nan, ba na zama a gaban allo, kuma wake za a ɓare.

Na faɗa wa Lambrini duka, har shirun da na yi a aji. Ta yi kuka kaɗan, ta ce za ta zo Kirsimeti, ba da maganar ɗauke ni ba. Za mu gani.

Na rasa tabarau tun safe.

Na buɗe tagogin gaba. Don in ga tsakuwa ne kawai, ɗakin ya yi duhu da yawa ga mai tsince wake.

Ƙwai huɗu.